Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Wakilan Kano A Majalisar Tarayya: Ƙafa Ƙanena Ya Rasa, Don Me Igiyarsa Ta Tsaya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, sanatocinmu uku da 'yan Majalisar Wakilai 24 da jihar Kano ta tura Abuja. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin makarantar sakandare ne a cikin birni, kuma wan wani soja ne. Shi ya kamata ya rubuto muku, amma dokar aikinsu ta hana soja kai kukansa rediyo ko jarida ko Facebook. Ko da ma ba ta hana ba, na san halin ƙanena, cewa zai yi, "Yaya, don Allah ka bar maganar nan, haka Allah ya rubuta." Na yarda. Rabuwarsa da ƙafarsa rubutaccen al'amari ne, mun kuma karɓa hannu biyu. Amma abin da ya same shi a wurin aiki bayan tafiyar ƙafar, wannan 'yan Adam ne suka rubuta shi a takarda, kuma ku aka danƙa wa alƙalamin gyara irin waɗannan takardu.

Ba zan ambaci sunansa ba, balle bataliyarsa. A unguwarmu Kofur ake ce masa. Da farko sunan alfahari ne, don ranar da ya zo hutu da igiya biyu a hannun riga, Ummanmu har waina ta sa aka soya aka raba wa maƙwabta. Yau shekara bakwai ke nan ana kiransa Kofur, kuma har gobe kofur ɗin ne.

Duk wanda yake Kano ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 bai manta da yammacin nan ba, lokacin da bama-bamai suka riƙa tashi a ofisoshin 'yan sanda, daga titin BUK har Bompai, aka rasa rayuka sama da 180. Ƙanena saurayi ne a lokacin, yana koyon gyaran babur. Yana cikin samarin da suka taya ɗaukar waɗanda suka jikkata, ya dawo gida rigarsa jage-jage da jinin mutanen da bai san sunansu ba. Tun daga ranar maganar soja ta shiga ransa. Umma ta yi kuka, ta yi fushi, ta haɗa shi da kawunanmu, daga ƙarshe ta sa masa albarka. Ya tafi Zariya ya yi watanninsa shida na kurtu, ya dawo ya rame ya yi baƙi, sai haƙora. Daga nan Borno. Aka yi ta sauya wa yaƙin suna, a 2015 aka ce Lafiya Dole, a 2021 aka koma Haɗin Kai, mu dai abin da muka sani shi ne wayarsa takan yi mako uku ba ta shiga, Umma kuma ta ƙaurace wa barci.

Wata safiya suna rakiyar motocin abinci a kan wata hanyar burji, motarsu ta taka nakiyar da aka binne. Biyu daga cikin waɗanda suke tare da shi a bayan motar nan take Allah ya karɓi abinsa. Shi kuma sai farkawa ya yi a Maiduguri, ya ɗaga bargo, ya ga ƙafarsa ta hagu ta ƙare a ƙasan gwiwa. Kunnensa na hagu ma tun ranar bai sake jin komai ba sai wata ƙara da ba ta yankewa.

Ba zan yi butulci ba. An ɗauko shi daga daji a kan lokaci. Likitocin soja a Maiduguri da asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna sun yi aiki tsakaninsu da Allah, ba a karɓi ko kwabo a hannunmu na tiyata ba, albashinsa bai taɓa tsayawa ba, kuma an ba shi ƙafar roba ta farko. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da har yau Umma take sa ta a addu'a. Mu farar hula da muka ga ya taka da ƙafar nan, sai muka yi hamdala, muka ɗauka wahala ta ƙare. Ashe a lokacin aka buɗe wani sabon shafi.

Ga abin da ban gane ba sai da ya zaunar da ni ya warware mini. Igiya a soja ba ta zuwa don kawai mutum ya daɗe. Sai ya cika shekarun da aka yanka wa muƙaminsa, a tura shi kwas, ya ci jarrabawa, ya nuna iya harbi, ya yi gudu da kaya a baya, kwamandansa ya rubuta masa kyakkyawan rahoto, likita kuma ya sa hannu cewa jikinsa garau. Ba na ganin laifin wannan tsari, domin wanda zai ja mutum goma cikin daji dole ya iya gudu tare da su. Matsalar ita ce tsanin gaba ɗayansa an kafa shi ne don mai ƙafa biyu. Tun da kwamitin likitoci ya rage darajar lafiyar ƙanena a takarda, sunansa ya daina fitowa a jerin masu tafiya kwas. In ba kwas ba jarrabawa, in ba jarrabawa ba igiya. Babu wanda ya kira shi ya ce an tsayar da shi. Babu takardar da aka ba shi. Duk shekara dai jeri yana fitowa, ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, ya ga sunayen abokan ɗaukarsa, ya ga na waɗanda suka zo bayansa, ya ninke ya sa a aljihu.

A babbar sallar da ta wuce wani yaro ya biyo daga wurin aiki, da kakinsa, ya zo gaishe shi. Na ce yaro ne domin a hannun ƙanena ya koyi kwance bindiga da ɗaura ta cikin duhu, ƙanena ne yake rage masa ruwan gorarsa lokacin yana sabon zuwa. Yanzu saje ne, igiya uku. Muna zaune a soro, ƙanena ya cire ƙafar ya jingine ta da bango don dungun ya sha iska. Yana hango shi a bakin ƙofa sai ya dafa bango, ya miƙe a kan ƙafa ɗaya, ya ƙame. Sajen ya rugo ya rungume shi yana cewa, "Haba oga, haba oga, don girman Allah ka zauna." Ƙanena ya ce masa, "Ba kai na tsaya wa ba, igiyar na tsaya wa." Ni dai tashi na yi na shige cikin gida, don ban so su ga idona.

Kada ku ɗauka maganar girma ce kawai, ranku ya daɗe. Maganar tuwo ce. Ku da kanku kun san tun gyaran dokar fansho na 2011 aka cire sojoji daga tsarin adashen fansho na ma'aikata, Hukumar Fanshon Sojoji ce take biyansu, kuma lissafin yana bin muƙamin da mutum ya bar aiki a kansa da yawan shekarun da ya yi. Ke nan duk igiyar da ta wuce ƙanena a yau, ta wuce shi a albashin wannan wata, ta wuce shi a garatuti, ta wuce shi a fanshon da zai ci har ya koma ga Allah. Abokinsa da yake zaune a motar gaba, wadda nakiya ba ta tashi da ita ba, in Allah ya ja kwana zai iya cika shekara 35, ya fita yana samanja. Tazarar da ke tsakanin motocin nan biyu ba ta wuce taku ashirin ba. Alawus ɗin fagen fama kuwa ya yanke tun da ya bar daji, daidai lokacin da kashe kuɗi ya ninku: kuɗin adaidaita sahu a inda da yake takawa da ƙafa, kuɗin magani, kuɗin gyaran banɗaki domin mai dungu ba ya iya tsuguno. 'Ya'yansa uku, babbar tana aji biyar na firamare.

Abin da ya fi rashin kuɗin ci masa rai shi ne zama. Ba a sallame shi ba, ba a kuma ba shi wani takamaiman aiki ba. Da asuba zai yi wanka, ya sa kaki mai guga, ya tafi a ƙirga shi, sannan ya samu benci a gindin darbejiya shi da wasu irinsa, mai hannu ɗaya, mai ido ɗaya, mai ƙarfe a ƙugu, su zauna har azahar. Shi da bakinsa ya ce mini, "Yaya, mun zama jemagu, ba ma cikin tsuntsaye, ba ma cikin dabbobi." Mutumin da ya saba a ce rayukan mutum tara suna wuyansa, yau ko makullin sito ba a ba shi ya riƙe ba. Fayil ɗinsa kuma ya yi kusan shekara a wani ofishi da ba zan ambata ba. Yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce a dawo mako mai zuwa, jibi a ce wata takarda ta ɓata a sake kawowa. Da kwamitin likitoci ya zauna a kansa, an yanka masa wani kaso cikin ɗari na naƙasa, amma babu wanda ya zaunar da shi ya ce ga yadda aka yi lissafin, ga abin da yake nufi ga aikinka, ga ƙofar da za ka bi in ba ka gamsu ba. Kunnen da ya mutu ma bai ga an rubuta shi ba. Soja ne, an koya masa cewa "yes sa", ya faɗa ya fito.

Bari in ɗan tsaya a kan ƙafar kanta, domin na lura manyanmu suna ɗaukarta kamar kyautar keken ɗinki, a miƙa sau ɗaya a ɗauki hoto shi ke nan. Ƙafar roba ba haka take ba. Dungu rayayyen nama ne, yana motsi. A shekarar farko yakan tsuke sosai, sai kwandon da aka auna masa ya yi masa yawa. Ƙanena yakan sa safa ɗaya, ya ƙara ta biyu, ya ƙara ta uku, don cike gurbin. Ku kwatanta wannan da zafin Kano na watan Afrilu. Kafin la'asar gumi ya taru a ciki, fata ta yi laushi, roba ta goge ta, ƙuraje su fito, su fashe. In gyambo ya buɗe, ƙafar sai ta koma jingine da bango mako biyu ko uku, ya koma kan sanduna. Matarsa, Allah ya saka mata da Aljanna, kullum da daddare sai ta wanke safunan ta shanya, ta duba ƙarshen dungun da fitilar waya ta ga ko wani wuri ya yi ja. Wani dare kuma sai ya farka yana cije leɓe, ya ce babban yatsan ƙafarsa ta hagu yana masa zugi, yatsan da aka binne a Borno shekara shida da suka wuce. Likitoci sun san wannan ciwo, jijiyoyin da aka yanke ne suke ci gaba da aika saƙo ƙwaƙwalwa. Umma da fari ta ɗauka iska ce.

Ita kanta ƙafar tana tsufa. Masu wannan sana'a suna cewa daga shekara uku zuwa biyar sai an sake, kwandon ma kafin nan. Ƙanena yana da shekara talatin da 'yan kai, in Allah ya ba shi tsawon rai ƙafa nawa zai buƙata? Ta farkon ta tsage a diddige bara, muka nemi canji aka ce mu jira. Da jiran ya yi tsawo, ni da ƙanwarmu muka haɗa abin da muke da shi, ta sayar da 'yan kunnenta, aka yi masa wata. Alhali ga Asibitin Ƙashi na Dala nan a tsakiyar garinmu tun 1959, asibitin gwamnatin tarayya, da sashensa na ƙera ƙafa da hannu da na gashin ƙashi. Akwai irinsa a Igbobi ta Legas, akwai a Enugu. Mene ne wahala a rubuta a doka cewa duk sojan da ya rasa wata gaɓa a bakin aiki, yana cikin kaki ko ya tuɓe, zai shiga mafi kusa da shi a cikin asibitocin nan ya nuna kati a auna shi, a aika lissafi Ma'aikatar Tsaro, har iyakar ransa?

Akwai kuma raunin da hoton ƙashi ba ya nunawa. Mu Kanawa da hawan salla muka tashi, ƙanena tun yana ɗan shekara biyar nake saɓa shi a wuya mu tafi Ƙofar Kudu kallo. Shekarar da ya dawo na ce mu je ko ransa zai yi sanyi. 'Yan bindiga suna sakin ta farko, sai kawai na gan shi a ƙasa, ya kifa ciki cikin ƙura, ya danne kan wani yaro da bai sani ba yana ihun kowa ya kwanta. Mutane suka yi cirko-cirko. Wasu suka yi dariya. Tun daga nan in lokacin hawa ya yi, ɗaki yake shiga ya rufe taga. Na ce mu ga likitan ƙwaƙwalwa, ya ƙi, ya ba ni dalili biyu. Na farko, a garin nan in aka ji an kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, shi ke nan an yi masa suna. Na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro, ya ce in wannan ma ya shiga fayil, 'yar ƙofar da ta rage masa a wurin aiki ta rufe. Ku duba fa, tsarin da kansa yake koya wa soja ya ɓoye ciwonsa. Wanda ya ɓoye kuwa, shagon magani na bakin layi yana jiransa, kuma babu Bakanon da zan tsaya yi wa bayanin abin da tiramol ya yi wa samarinmu. Allah ya tsare mana ƙanena daga wannan, amma biyu daga cikin 'yan bencin nan ba su tsira ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ku kuka yi ta. Ku bi sawunta har cikin bariki.

Na san amsar da za a ba ku in kun tada maganar nan: soja ba gidan jinya ba ne, wurin majiya ƙarfi ne. Ni malamin tarihi ne, don haka ku ba ni dama in kawo abin da ya faru a ƙasar da sojanmu ya yi koyi da ita. Lokacin da aka buɗe NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, a Kaduna a 1964, hafsoshin Indiya ne suka zo suka kafa ta, kwamandanta na farko ma Ba'indiye ne. To a can Indiya, a yaƙinsu da Pakistan na 1971, wani manjo mai suna Ian Cardozo ya taka nakiya ya rasa ƙafa. Aka so a ajiye shi a tebur, ya ƙi, ya nemi a gwada shi da masu ƙafa biyu, aka gwada ya ci. Ya ja bataliya, ya ja birged, ya yi ritaya yana manjo janar. Wani kuma, Vijay Oberoi, ya rasa ƙafarsa a 1965 yana ƙaramin hafsa, ya ci gaba da aiki har ya zama mataimakin babban hafsan sojan ƙasa na Indiya baki ɗaya. A Amurka, Gregory Gadson ya rasa ƙafafunsa duka biyu a Iraƙi a 2007, amma a 2012 yana kanal aka ba shi riƙon barikin Fort Belvoir. Ba sihiri suka yi ba. Ƙasashensu sun buɗe hanya ne a rubuce, ta yadda za a dubi abin da ya rage a jikin mutum da abin da ke cikin kansa.

Mu ma ai mun ga namu. A gasar Invictus ta sojojin da suka ji rauni, wadda Yarima Harry na Ingila ya kafa a 2014, Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta shiga, a birnin Dusseldorf na Jamus a Satumbar 2023. Sojanmu Peacemaker Azuegbulam, wanda ya rasa ƙafa a yaƙin arewa maso gabas, ya ciyo zinare a ɗaga ƙarfe. A watan Mayun 2024 Yariman ya zo har asibitin 44 a Kaduna ya bi gado-gado. Ƙanena ya kalli hotunan a waya, ya yi murna ƙwarai, sannan ya ce, "Yaya, in mai ƙafa ɗaya zai iya ɗaga wa Najeriya tuta a Jamus, ashe zai iya riƙe rajista a Zariya."

Gaskiyarsa ce. Rundunar soja ba masu gudu kaɗai take buƙata ba. Tana da akawu, tana da masu sito, masu kula da makamai, masu rediyo, masu lissafin albashi, makanikai, masu sarrafa jirage marasa matuƙi, da malamai. Wa ya fi cancanta ya tsaya gaban kurata a Zariya ko a Jaji ya koya musu yadda ake gane ƙasar da aka tona aka mayar, fiye da wanda ya biya kuɗin wannan darasi da ƙafarsa? Ƙanena bakanike ne tun kafin ya sa kaki. A mayar da shi sashen gyaran motoci, a tura shi kwas ɗin wannan fanni, a auna shi da ma'aunin da ya dace da aikin, ya hau tsaninsa. Wanda kuma rauninsa ya yi tsananin da ba zai iya kowane aiki ba, a sallame shi cikin mutunci da gaggawa, amma a lissafa masa fansho a kan muƙamin da abokan ɗaukarsa suka kai, ba inda nakiya ta tsayar da shi ba. Akan ji an yi wa wasu ƙarin girma na musamman saboda jarumta, muna kuma yabawa. Amma wannan alheri ne na wanda idon manya ya faɗa kansa. Abin da nake roƙo haƙƙi ne da za a rubuta, ya iske na gindin darbejiya ko babu wanda ya san shi.

Dalilin da ya sa na nufo ku ban nufi gidan gwamnati ba shi ne tsarin mulkin 1999 ya sa harkar soja a hannun tarayya kaɗai. Ku kuke da ikon taɓa Dokar Rundunonin Soja da dokar fanshonsu, ku kuke amincewa da kasafin tsaro duk shekara, kuna da kwamitocin tsaro da na sojan ƙasa a zaurukan biyu. Kuna da ikon kiran manyan hafsoshi su zo da alƙaluma: mutum nawa suka naƙasa tun 2009, nawa ne har yanzu suke cikin kaki, nawa ne a cikinsu suka samu ko da igiya ɗaya bayan rauninsu, wata nawa fayil yake yi kafin a yanke hukunci. Ku yanka wa kwamitin likitoci wa'adi. Ku wajabta a ba soja sakamakonsa a rubuce, a fassara masa da harshen da yake ji, a ba shi damar ɗaukaka ƙara ba tare da an ce ya yi rashin ɗa'a ba. Ku ware wa ƙafafu da hannayen roba nasu layi a kasafi, kada su ɓace a cikin kuɗin magani.

Wanda aka sallama kuma, ina zai nufa? Akwai cibiyar koyar da sana'a ta sojoji masu barin aiki a Oshodi ta Legas, tana kuma ƙoƙari. Amma ku auna tafiyar Kano zuwa Legas, kimanin kilomita 1,000, ga mai dungu, ya bar iyali watanni. Arewa ce fagen yaƙin nan, ya kamata a ce akwai reshe a nan kusa. Sannan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ku da kuke samo wa 'yan mazaɓunku guraben aiki, sau nawa aka sa tsohon soja mai ƙafa ɗaya a jerin?

Kano ba baƙuwar kaki ba ce. Garin Murtala ne. Daga jihar nan Janar Dambazau ya riƙe rundunar sojan ƙasa daga 2008 zuwa 2010, Janar Magashi ya riƙe Ma'aikatar Tsaro daga 2019 zuwa 2023. Ga barikin Bukavu, ga Janguza. Kafin su duka akwai kakanninmu da aka kwasa zuwa Boma a yaƙin duniya na biyu, da iyayenmu na yaƙin basasa, da yayyenmu na Laberiya da Saliyo. Muna yara akwai wani tsoho a layinmu, ɗan mazan jiya, hannunsa na dama a shanye, yana gadin wani sito. Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, sai ya ciro wata tsohuwar riga da lambobinsa ya tafi fareti, ya dawo da yamma ya koma kan tabarmarsa a ƙofar siton. A kanta ya rasu. Da ina yaro burge ni yake yi. Yanzu in na tuna shi gabana faɗuwa yake, don fuskar ƙanena nake gani.

Duk shekara a wannan rana kuna maƙala alamar tunawa a ƙirji, a ajiye furanni, a saki tantabaru, a yi shiru na minti ɗaya don waɗanda suka kwanta dama. Sun cancanci fiye da haka, Allah ya jiƙansu. Amma waɗanda suka dawo da rabin jiki suna nan da rai, suna jin yunwa, 'ya'yansu suna zuwa makaranta, kuma samarin unguwa suna kallonsu. Ɗalibaina na aji shida sukan tambaye ni ko su cike fom ɗin soja. Kafin in buɗe baki wani a cikinsu zai ce, "Malam, ai mun ga Kofur."

In kun zo gida hutun majalisa, ina roƙon ko mutum ɗaya a cikinku ya ware yini guda, ba jiniya ba 'yan jarida, ya nemi izinin hukumar soja ya zauna da waɗannan bayin Allah, ba tare da ogansu yana tsaye a kansu ba. Ya tambaye su shekara nawa suka yi a kan muƙaminsu. Ya ce ɗaya ya cire ƙafar ya nuna masa dungun. An ce kwamitin likitoci zai sake zama a kan ƙanena bayan damina, kuma a wannan zama ne za a yanke ko ya ci gaba ko a sallame shi. In aka sallame shi a yadda doka take a yau, kofur zai fita.

Allah ya ba ku ikon yi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.

Naku,
Malamin makaranta, wan wani soja,
daga cikin birnin Kano.